Ƙudan Rafin Su Sani

Talata: Jega zuwa Yelwa

Na bar gida ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar Asuba. A jakata akwai ƙananan kwalabe shida cike da sipirit na asibiti, da tsinken ɗaukar ƙwari, da littafin rubutu. Tun da na yi ritaya daga koyarwa tara ƙwari nake yi, matata kuwa tana kiran ɗakina maƙabartar ƙudaje.

A shingen da ke bayan Koko ɗan sanda ya buɗe kwalba ɗaya ya sansana, ya dube ni. Direba ya ce, "Ranka shi daɗe, ƙuda zai kamowa." Sai ɗan sandan ya mayar da murfi ya ce Allah ya ba ni lafiya. Mun shiga Yelwa goma da kwata, na sauka gidan wani tsohon ɗalibina, na ci tuwon shinkafa da miyar kifi.

Laraba: tungar masunta, ƙasar Ngaski

Jirgin ruwa ya tashi bakwai, muka yi awa biyu. Sani, masuncin da ya aika mini saƙo, yana jira a bakin ruwa. Mahaifinsa ya makance tun Sani yana ƙarami, kuma an ce cizon wani ɗan baƙin ƙuda ne sanadi. Bana wani ƙuda ya addabi rafin da 'ya'yan Sani mata, su Aisha, ke wanki.

Ya ce, "Malam, so nika in sani ko shi na. In shi na, ɗiyana ba su ƙara zuwa can."

Rafin yana gudu a kan duwatsu, irin wurin da wannan ƙuda ke so. Na naɗe wando zuwa gwiwa na zauna, domin a ƙafa yake sauka. Kafin La'asar na kama goma sha ɗaya, kowanne bai kai ƙwayar gero ba. Da ido kaɗai ba zan yanke hukunci ba, madubin duba ƙananan halittu kuma yana Jega. Na zuba su a kwalba, na rubuta wuri da lokaci.

Alhamis

Na dawo daga masallaci da hantsi na tarar da kwalbar a kan tabarma, sipirit ɗin garau, babu ƙuda ko ɗaya. Hajara, matar Sani, ta gaishe ni daga bayan zana.

Ta ce, "Malam, ƙudaje sun hwaɗa ma maganinka, na tace ma shi."

Na gode mata, don kyautatawa ta nufa. Amma raina ya ɓaci ƙwarai. An kwana ana ruwa, rafin ya cika ya rufe duwatsun, jirgi kuma zai tashi sha ɗaya. Na tambaye ta da me ta tace. Ta miƙo ƙyallen tatar kunu, ba ta riga ta wanke ba. Ni da Sani muka shimfiɗa shi a rana muna bin zare. Goma sun dagargaje wajen matsa. Ɗaya ya maƙale a ɗinkin gefe, da fiffikensa duka.

Juma'a: gida

Na kwana Yelwa, na iso Jega biyu saura. Ban cire takalmi ba na sa shi ƙarƙashin madubi. Ga doro a bayansa, ga faffaɗan fiffike, ga gajerun ƙahoni. Dangin ƙudan makantar ne. Ko yana ɗauke da cutar, wannan ya fi ƙarfin ɗakina, sai ma'aikatan lafiya.

Na kira Sani na faɗa masa haka, na ce ya kai iyalinsa asibiti a duba su. Sai na ji muryarsa nesa da wayar: "Hajara! Kira su Aisha su hito daga rahin nan!"

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Sani da ya sauke ni, da Hajara da ba ta yi saurin wanke ƙyallenta ba.