Ranar da Na Yi wa Babana Dariya

Har yau in na ji ƙamshin ruɗab, ɗanyen dabinon nan na farkon zafi, sai raina ya ɓaci. Bari ka ji dalili.

Babana Balarabe ne, Innata Bakanuwa. Kada ka ji Balarabe ka hango rijiyar mai. A gonar wani yake aiki a unguwar Al-Awali ta Madina, yana hawan dabino ba takalmi, ƙafarsa duk faso. Jallabiyarsa biyu ce. Saboda Inna ya koyi Hausa, yana yin ta a karkace, mu yi ta gyara masa.

Al'adarsa ce, ruɗab ɗin farko ba ya shiga bakinmu sai ya kai wa surukansa kwando guda. Shekarar da Kawu, yayan Inna, ya sayi bidiyo, ni na raka Baba gidan Kawun a unguwar Sultana bayan la'asar. Muka tarar da falo cike da mutanenmu Hausawa, ma'aikata da ɗalibai, ana kallon wani fim ɗin Turawa. Akwai wani Balarabe a fim ɗin, ga tumbi, ga wuƙa, ga zobba, yana bin mata kamar bunsuru. Wallahi a Madina aka haife ni, ban taɓa ganin irinsa ba.

Wani abokin Kawu ya nuna talabijin, ya ce wa Baba ga ɗan'uwansa nan, shi kuma mata nawa ya ɓoye a gona? Falo ya kaure da dariya. Mutanen da kullum suke kukan Larabawa na ce musu Takari don raini, su ne suka fi kowa ƙyaƙyatawa. Ni kuma, 'yar shekara tara, ina son su ɗauke ni tasu, sai na taya su.

Baba ya ajiye kwandon a hankali. Bai dubi kowa ba sai ni.

"Har da ke?" ya ce, da Hausarsa.

Bai daina kai ruɗab ba, amma a bakin ƙofa yake ajiyewa ya juya. Ni kuwa daga ranar Larabci kawai yake yi mini, har ya koma ga Allah.

Yanzu jikokina kan zo su nuna mini irin wancan Balaraben a waya, suna dariya. Fizge wayar nake yi, su ce Hajiya ta cika faɗa. Na yarda. Wanda ya shirya wancan fim bai taɓa ganin ƙafar babana ba. Ni na san ta, ni nake shafa mata mai, kuma na yi dariyar.