Labarin da Yaya Ba Ta Ƙarasa Ba

Muryar namiji ce ke fitowa daga rediyon motar, amma maganar ta Yayata ce. Barinmu tashar Kankara ke nan za mu Faskari, muna matse a kujerar baya, direba ya kunna wani labari da aka tura masa a waya. Ban ji da yawa ba na gane shi. Na san mai awon hatsin nan da aka tsinci gawarsa a bayan rumbu. A gabana aka ƙirƙire shi, ina tsintar wake a tsakar gida, Yaya na danna waya da hannu ɗaya.

Yaya ta rasu wurin haihuwa a Sabuwa, daminar da ta wuce. Labaran kisa da bincike take rubutawa, tana sakawa a guruf ɗin mata na waya. Da farko har da sunanta. Sai ta rubuta wani da aka zuba guba a fura, labarin ya zaga gari, dangin mijinta suka daina shan furarta. Ba wanda ya ce mata komai. Ƙwaryar dai takan dawo yadda ta fita, ko faifan ba a ɗaga ba. Daga nan ta goge sunanta. Labaran suka ci gaba da yawo su kaɗai kamar marayu, har suka faɗa hannun masu karantawa a murya.

"Wanga mutum tsohon ɗan sanda ne, wallahi," in ji direba. "Ji yadda ya san sirrin gawa."

"Ko kuwa tsohon ɓarawo," in ji wani Alhaji a gaba. Aka kwashe da dariya.

Na juya ina kallon gonakin dawa suna wucewa. Ita ta ɓoye sunan da hannunta, ban san ko ina da ikon fito da shi ba. Amma in na yi shiru, ba sauran mai faɗa.

"Mace ce ta rubuta," na ce. "Yayata ce."

Direba ya leƙo ni ta madubi. "Ke 'yammata, mace da wannan aika-aika? To madalla, faɗuwa ta zo daidai da zama. Labarin nan a tsakiya ya tsaya, mun gaji da jira. In Yayarki ce, gaya mana wa ya kashe mai awo."

Na tambayi Yaya wannan sau ba iyaka. Kullum dariya take yi, ta dafa cikinta, ta ce in bari ta sauka lafiya tukuna.

"Ban sani ba," na ce. "Ba ta kai ga faɗa ba. Ta rasu."

Mutumin rediyon ya ci gaba da karanta kalmomin Yaya da numfashin da ba nata ba. Direba ya ce Allah ya jiƙanta. Har yau ban san ko ya yarda da ni ba, ko tausayina ya ji.

Mun kusa shiga gari, wata Hajiya da ke gefena ta taɓa min gwiwa.

"Ɗiyata, ya sunanta?"

Na faɗa mata. Ta maimaita a hankali, ta sake maimaitawa, kamar mai gudun kada ya zube mata kafin ta isa gida.