Yaushe Za Ki Koma Gida, Malama?

A damanar bana Malama Saratu ta cika shekara tara da rasuwa. Ni kuma bara na ajiye alli, shi ya sa nake ganin sai yanzu na cancanci in yi magana a kanta.

Tana budurwa aka turo ta Katagum daga kudancin Bauchi, Kirista ita kaɗai a cikin malaman firamaren garin. A can ta koyi gyaran kifi, ta koyi Fulatancin da za ta yi cinikin nono ba a cuce ta ba. Daga baya aka dawo da ita Azare, inda na same ta ina sabuwar malama. Aji ɗaya take koyarwa, kuma ba ta taɓa yarda a ɗaga ta daga nan ba. Mijinta ya rasu da wuri, ba su haihu ba. Mace ce mai kaifin baki, ba ta iya lallashi ba, amma yaron da ya fita daga hannunta bai iya karatu ba, to sai dai addu'a.

Ranar da ta yi ritaya an yi mata walima a harabar makaranta. An yi jawabai, an ba ta turmin atamfa da agogon bango. Ta kalli agogon ta ce mini a kunne, yanzu da ba ta da inda za ta makara ne suka ga ya dace ta san lokaci. Makonnin farko kuwa ta ji daɗinsu. Tarin da ƙurar alli ta sa mata ya lafa, tana barci har rana ta fito, tana cewa ta huta da majinar 'ya'yan mutane. Sai dai idan aka buga ƙararrawar tara, takan buɗe taga ta zauna har hayaniyar yara ta mutu.

Gidan da take ciki na makaranta ne, kowa ya san za ta tashi. Yadda aka tashe ta ne ban manta ba. Sabon hedimasta ɗalibinta ne, ita ta riƙe masa hannu ya fara rubutu. Ya shigo da kafinta tana tsakiyar cin abinci, suka hau awon ƙofa da taga kamar babu kowa a ɗakin. Ta ce ya bari ruwa ya ɗauke tukuna.

"Mama, aiki fa ya ƙare," in ji shi. "Me kuma ya rage miki a garin nan?"

Tun kafin ta gama ɗaure kaya aka sare bishiyar lemun tsamin da ta shuka a tsakar gidan, don a yi wa motarsa rumfa.

Ba shi kaɗai ba ne. A kasuwa, a wurin niƙa, har a bakin mutanen da suke ƙaunarta, tambayar ɗaya ce: yaushe za ki koma gida? Da fara'a ake yi mata ita. Ta fi shekara talatin tana zuwa sunan 'ya'yansu da ta'aziyyar iyayensu, ashe duk a idonsu baƙuwa ce da aiki ya riƙe.

Ta koma ɗin. A ƙauyensu 'ya'yan yayanta suka kwashe hatsi daga wani ɗaki suka ba ta. Yarensu ya yi mata nauyi a baki, idan ta yi magana matan gidan su kwaikwaye ta suna dariya, suna kiranta Bahaushiya. Ta tara yaran gidan za ta koya musu karatu, iyayensu mata suka ce ba wanda ya aike ta. Ba ta kai ga girbi na biyu ba, sai ta dawo Azare, ta kama ɗaki a bayan tasha.

Daga nan ne ta yi abin da na roƙe ta kada ta yi. Ta ɗinka atamfar nan ta walima, ta sa, ta tafi makaranta ta ce za ta riƙa taimaka wa 'yan aji ɗaya kyauta. Hedimasta ya bar ta a kan benci a ƙofar ofishinsa tun safe har rana ta take. Ina aji ina hango ta, jakarta a kan cinya. A ƙarshe maigadi ya aiko ya gaya mata cewa salon koyarwa ya canja. Da ta miƙe, ƙafarta ta riƙe saboda zama, tana tafiya tana ɗingishi. Wasu 'yan aji ɗaya da ba su san ta ba suka jeru a bayanta suna kwaikwayon tafiyar har bakin ƙofa. Malamai suna kallo daga baranda, wasu suna danne dariya.

Bayan wannan ta zama wata iri. Ba zan yi mata ƙarya don ta mutu ba: ta riƙa cizon duk wanda ya matso kusa, kuma ni ce na fi matsowa. Idan na biya daga makaranta sai ta ce in wanke hannu a waje, ba ta son ganin alli a ɗakinta. Idan na kawo labarin aji ta ce in yi shiru, idan na yi shiru ta ce ina ɓoye mata. Wata rana na ce mata nima nawa lokacin yana zuwa, don in sanyaya mata rai. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ba zai yi miki ciwo ba, Hajiya. Ba ki taɓa zama malamar kirki ba."

Na yi kuka a hanya. Washegari na koma da tuwo, ta ci, ba ta ba ni haƙuri ba, kuma har ta bar duniya ba ta janye maganar ba.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Mutanen cocinsu da mu maƙwabta 'yan kaɗan muka yi ta. Aka sa gawar a bayan a-kori-kura aka nufi kudu da ita, ƙauyen da ta gudo daga cikinsa. Kafin motar ta isa, hotonta ya cika wayoyin Azare. Manyan mutane, likitoci da 'yan kasuwa, kowa yana rubuta cewa uwa ta tafi. Hedimasta ya tara yara ya yi jawabi har muryarsa tana rawa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sun yi yawa, duk bayan salla ana anko, ana kama zaure, ana kiran tsofaffin malamai a zaunar da su a gaba a ɗauki hoto. An kira ni bana, na je. Aka ba ni lemon kwalba, ba wanda ya tambaye ni yadda nake wuni. Da tana nan, na san za ta je ita ma, ta yi kwalliya, ta dawo tana zaginsu, tana kuma jiran gayyatar baɗi. Haka muke. Na yi murna da na daina tashin sassafe, amma ran Litinin ban san inda zan sa kaina ba. A kan wannan dai ta yi kuskure, ajiye allin yana yi mini ciwo.

Me ya rage nata? Ba ɗa, ba gida, kabarinta ma ban taɓa gani ba. Kwanan baya na je kemis sayen maganin hawan jini. Mai shagon, magidanci da furfura a gemu, ya rubuta mini yadda zan sha a jikin kwalin. Na ga yadda ya lanƙwasa ƙugiyar harafin ƙ, ya jawo ta doguwa ta rufe harafin gaba. Mutum ɗaya na sani da ke koyar da shi haka. Na tambaye shi wa ya koya masa rubutu.

Ya ɗaga kai ya yi tunani, har ya ɗan yi murmushi.

"Wata Kirista ce mai faɗa," ya ce. "Sunan ya ɓace mini. Ina jin ta koma garinsu tuntuni."

Ya miƙo mini maganin, ya ce wa na bayana ya matso.