An Wanke Masa Molo

Kwana uku ke nan wani dattijo yana zuwa shagon faifai, ya tsaya gefen lasifika, ba ya sayen komai. Mai shagon tana satar kallonsa daga bayan tebur. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, rigarsa wankakkiya amma wuyanta ya cinye. Farcen babban yatsansa ya yi kauri kamar ƙaho, kuma yana kaɗa shi a cinyarsa daidai da kiɗan molon da ke tashi. A ranta take cewa, irin wannan farce tsirkiyar molo ce ta raine shi, ba fartanya ba.

Yau ya matso. Sai yanzu ta lura fuskarsa ce a kwalin faifan da ta kunna.

"'Yata, ƙara murya."

Ta ƙara. Ya karkata kunne, ya runtse ido.

"Ina zobban? Akwai 'yan zobban ƙarfe a wuyan molon nan. In na taɓa tsirkiya, su ke amsawa."

"Baba, ai a bayan kwalin sun rubuta cewa an wanke sautin tas, an cire duk wata hayaniya."

"Hayaniya," ya maimaita a hankali. "Mahaifina ne ya ƙera su. Tun da ya rasu, ta nan kaɗai nake jin sa."

Kiɗan yana ta tafiya fes, ba mai amsa masa. Yatsan dattijon ya daina motsi. Ita kuwa hannunta na kan maɓalli, ta rasa ko ta ƙara ko ta kashe.