Sista Kubura, Wadda Ta Koya Wa 'Ya'yanmu Shaƙar Magani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, ina cikin aji a makarantar firamaren da nake koyarwa a Yelwa, aka kira ni aka ce Allah Ya yi wa Hajiya Kubura Hammajoda rasuwa, bayan jinyar kwana tara. Ma'aikaciyar jinya ce, ta yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin yara. Mu iyayen masu ciwon asma Sista kawai muke ce mata.

Sista, na so in rubuta wannan da sanyin zuciya, amma na kasa. Raina a ɓace yake, kuma zan faɗi dalili.

Shekara shida ke nan da haɗuwarmu. 'Yata Sauda tana da shekara biyar, karo na uku ke nan a wata biyu da na kawo ta asibiti ƙirjinta na fito kamar usur. Likita ya riga ya rubuta mata abin shaƙa guda biyu, shuɗi da mai ruwan ƙasa, ya sallame mu babu bayani ko kalma ɗaya. A gida kowa ya zama likita. Wannan ta ce yaron da ya fara inhela ba ya rabuwa da ita har kabari. Waccan ta ce mai ruwan ƙasar irin ƙwayar nan ce da mata ke sha don su yi ƙiba. Na tsorata, na jefa shi ƙasan akwati.

Kika same ni a benci, kika tambaye ni ina na biyun. Na sunkuyar da kai. Ba ki yi mini faɗa ba, sai kika ce, "Maimuna, shuɗin nan na buɗe hanya ne idan ta toshe. Wanda kika ɓoye shi ne ke kwantar da kumburin ciki don kada ta toshe tun farko. Ɗan kaɗan ne ke cikinsa, kuma huhu yake zuwa kai tsaye. Safe da yamma, ko tana wasa lafiya lau." Kika ɗauko gorar ruwa ta roba, kika huda gindinta, kika cusa bakin inhelar, kika durƙusa gaban Sauda kina ƙirga mata numfashi. Kika sa ta kurkure baki ta tofar. Minti goma kacal. Abin da babu wanda ya ga ya dace ya ba mu ke nan.

Da kakan Sauda ya rantse ba za a shaƙa wa jikarsa wannan abu ba, ke kika hau keke har Tirwun ranar hutunki. Kika gaishe shi a ladabce, kika zauna har ya gama faɗansa, sannan kika ce, "Baffa, a ba ni wata uku. In ba ka ga canji ba, ni da kaina zan zo in karɓe shi." Kafin wata ukun ya cika, Sauda tana tsallen igiya a tsakar gidansa.

Daga nan na shiga zaman Alhamis ɗinki. Wani ɗan ɗaki ne a bayan sashen yara, inda muke taruwa mu ashirin ko fiye, Musulmi da Kirista, kowa da gorarta. A nan muka san cewa hayaƙin icce da maganin sauro na kunnawa da turaren wuta suna tayar da ciwon. A nan muka koyi gane lokacin da za a bar komai a ruga asibiti. Ko kwabo ba a taɓa ba ki ba saboda wannan aiki.

Me aka saka miki da shi? Aka yi sabon shugaba, ya ce zaman ba ya cikin tsari. Aka garƙame ɗakin da kwaɗo, aka zuba karyayyun kujeru a ciki. Kin rubuta takarda sau huɗu, ba a amsa ko ɗaya ba. Kika mayar da zaman zauren gidanki a Ƙofar Dumi, amma sababbin iyaye ba su san hanya ba, kuma ba a yarda ki manna ko sanarwa a bango ba. Patience, wata mai sayar da abinci, ta zo Alhamis biyu ta tarar da kwaɗo. Ta koma wurin mai kemis, ya ba ta sirop da ƙwayoyi. 'Yarta Liatu ba ta kai shekara bakwai ba ta rasu. Ranar da kika ji, na ga kin zauna a ƙasa kina kuka, kina cewa da an turo ta gare ki.

Jiya maigidana ya dawo daga zaman makokinki ya ce mutumin nan da ya rufe ɗakin ya zo da tawaga, ya miƙe ya ce an yi rashin uwa, ba za a sami kamarki ba. Ashe ya sani! Yabon da ya hana ki kina raye bai dame ni ba, ba don yabo kika yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne har yau ana miƙa wa iyaye inhela a sallame su babu bayani, har yau yara na haki a bayan uwayensu saboda jita-jita, kuma masu iya gyara wannan da sa hannu ɗaya sun fi ƙwarewa a jawabin ta'aziyya.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa Kubura, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarta. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Malam Abdulsalam, da 'ya'yanta Khadijatu da Babayo, da duk uwar da ta taɓa zama a zaurenta. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Mu kuma da muka rage, masu muƙami da marasa shi, Allah Ya sa mu ji kunyar abin da muka bar mace ɗaya ta ɗauka ita kaɗai.

Maimuna Sabitu, Yelwa, Bauchi.