Addu'o'in da Na Ɗinke a Cikin Fata

Ni baduku ne, ɗan baduku. Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Tudun Wada sun riga sun san labarin, waɗanda ba su san ni ba kuwa sunan ba zai ƙare su da kome ba. Karatuna kaɗan ne. In kun ga zancen ya karkace ku yi haƙuri, da basilla hannuna ya saba, ba da alƙalami ba. Da ku samari nake, musamman ku da aka yi wa baftisma kwanan nan kuna ganin aiki ya ƙare.

Na zo Zariya daga ƙauyenmu lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara shigowa ba. Tudun Wada sa'an nan bukkoki ne da 'yan ɗakunan ƙasa, kusan kowa baƙo ne irina. Na kafa rumfa a bakin hanyar da leburorin reluwe suke bi. Ina ɗinka takalma da kube da zabira. In mutum ya karɓo rubutu wurin malaminsa, sai ya kawo mini in naɗe, in rufe da fata, ya zama laya. Iyakar aikina ke nan. Ban taɓa buɗe takardar wani ba, ban taɓa cin abin wani ba.

Akwai gyambo a ƙwaurina na hagu tun daga gida. Warinsa har masu ciniki daga nesa suke tsayawa. Wani ya ce in je gidan mishan, suna ba da magani. Can na sadu da Baba Istifanus, dattijon da ke wankin miki. Bazazzagi ne, ya yi karatun allo mai zurfi kafin ya bi Almasihu. Ya wanke, ya sa magani, ya ɗaure. Na ce yaushe zan dawo.

"Gobe."

"Daga nan fa, Baba?"

"In ka zo gobe, sai in sake ce maka gobe."

Haka muka yi wata da watanni. Sau ɗaya na tsallake kwana uku saboda aiki ya yi yawa. Da na koma bai yi mini faɗa ba, tsumman kawai ya kwance ya nuna mini. Mikin ya koma inda ya fito. Yana wanki yana ba ni labarin Yesu, ni kuwa ba inda zan gudu, ƙafata tana hannunsa. Kafin ƙafar ta warke maganar ta shige ni. Aka yi mini baftisma, daga baya matata Ladi ta biyo ni.

Ranar baftismar Baba ya ba ni wani ɗan littafi da ya rubuta da hannunsa, da ajami, don ya san bokona ba ya zuwa ko'ina. Falle talatin ne, kowace rana ta wata da fallenta, gajeriyar addu'a ce da Hausa. Ni na yi masa bango da jar fata. Ya ce kada in sa kome a baki da safe sai na karanta. Da yamma kuma kafin tuwo in faɗa wa Allah abin da na ɓata ran nan, da baki, Ladi tana ji. Ran Lahadi in zo sujada a gan ni. Ya ce, "Zuciyar ma miki ce, ɗana. Ka dai ga yadda muka yi da ƙafar."

Na riƙe kamar shekara uku. Ba zan ce na zama waliyyi ba, amma mutumin da ya san da yamma zai faɗi laifinsa a gaban matarsa, yana taka-tsantsan da rana.

Ba rana ɗaya na bari ba, kuma ban taɓa cewa na bari ba. Leburori suka ƙaru, tun gari bai gama wayewa ba suna tsaye da tsinkakkun takalma. Na ce zan riƙa tafiya da littafin rumfa, in karanta in na sami sarari. Sararin bai zo ba. Addu'ar yamma kuma ta koma, "Ban yi kome ba yau," sai in jawo akushi. Lahadi ita ce ranar hutun leburori, ranar da ciniki ya fi. Na ce mako ɗaya ba zai yi kome ba. Ban yi sata ba, ban sha giya ba, don haka na ɗauka lafiyata lau.

Wata rana ina neman zare a zabira, littafin ya faɗo ya buɗe. Wani lebura da ke jiran takalminsa ya ga baƙaƙen, ya gyara zama.

"Ashe Malam ne kai, ka yi shiru?"

Tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa ce mini Malam. Baduku ake ce mini, ko mai gyambo. Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Na yi murmushi, shi ke nan. Ya ce matarsa tana fama da ciwon kai, ko zan taimaka. Na ce ya dawo gobe. Da ya tafi na duba littafin, na yage falle na talatin. Na gaya wa kaina ai wata ba kullum yake cika talatin ba, sau da yawa a ashirin da tara yake mutuwa, ba asarar da na yi. Na kuma ce ai sunan Allah ne a ciki, ba zai cuci kowa ba. Na naɗe, na ɗinke, na karɓi abin da ya ba ni.

Ciwon kan ya tafi da kansa, kamar yadda ciwon kai yake yi. Labari ya bazu. Wannan farin jini yake so, wancan maganin kunama, wani kuma kada helma ya kore shi daga aiki. Duk daga littafi ɗaya nake yago musu. Har ɗan rawani na fara naɗawa.

Ladi ta ɗaga littafin wata rana tana auna shi a hannu. "Wannan littafin naka ciwo yake yi ne? Kullum ramewa yake." Na daka mata tsawa, na ce ta kula da tukunyarta. Da a ce muna zaman yamman nan da ba ta buƙaci tambaya ba.

Baba Istifanus ma ya zo rumfa da sandarsa, wai igiyar takalminsa ta tsinke. Ya dubi rawanin, ya miƙo mini takalmin. Ina ɗinki ya ce, "Yaya gyambon?"

"Ai ya warke tuntuni, Baba."

"Ba na ƙafa nake tambaya ba."

Na duƙar da kai na yi ta huda fata. Ya ce ƙofarsa a buɗe take, ya tafi. Ban je ba.

Sai Tanko ya zo. Ƙaton mutum ne daga wajen Katsina, mai dariya, matarsa ba ta daɗe da haihuwa ba. Aikinsa haɗa taragu. Yakan tsaya tsakanin biyu, in ɗaya ya gangaro ya saƙala ƙugiyar ƙarfe. Tsoron aikin yake ji, da sanda yake ɗaga ƙugiyar, ya yi tsalle baya da wuri, helma yana zaginsa wai yana da nawa wurin aiki.

"Malam, maganin ƙarfe nake so."

Na san wannan ba ciwon kai ba ne. Wallahi na sani. Falle uku ko huɗu suka rage, na yago na farkon littafin ko dubawa ban yi ba. Na ɗinke shi da kyau, na ɗaura masa a damtsen dama da hannuna, na ce, "Je ka, ƙarfe ba zai taɓa ka ba."

Kwana tara tsakani tarago ya haɗa da hannunsa na dama. Babban yatsa kaɗai ya tsira. Abokan aikinsa suka ce tun ranar da ya ɗaura layar ya jefar da sandar, ya daina tsalle.

Da rana tsaka dogarai suka zo suka tafi da ni gaban alƙali. Zauren cike yake. Tanko yana zaune gefe, hannu a naɗe da tsumma. Alƙali ya ce a buɗe layar. Aka yi aka yi ɗinkin ya ƙi, sai aka miƙo mini, ni na farke ta da kaina. Magatakarda ya warware takardar, ya buɗe baki zai ja Larabci, sai ya tsaya.

"Allah ya gafarta malam, Hausa ce."

"Karanta."

Ya karanta da ƙarfi: "Ya Uba, gari ya waye. Ka tsare bakina yau daga ƙarya. Ka tsare hannuna daga cutar ɗan'uwana. Saboda Yesu Almasihu."

Can wani ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Tanko bai yi dariya ba, kallona kawai yake yi. An yi mini bulala ran nan, amma ban tuna zafinta kamar yadda na tuna muryar magatakardan ba.

Alƙali ya ce wa ya rubuta. Daga baya can na ji an ce, "Ni ne, Allah ya gafarta malam." Baba Istifanus ne, ban ma san ya zo ba. Ya ce, "Amma don a karanta na rubuta masa, ba don a ɗinke ba."

Alƙali ya dube ni ya ce, "Naka addinin ka yayyaga, namu kuma ka ari rigarsa ka yi zamba. Wane ɓangare ne zai ce kai nasa ne?" Ya ɗaure ni shekara biyu.

A gidan yari yankan ciyawa muke yi da ɗiban ruwa. Marin ƙarfen da aka sa mini a ƙafa ya yi ta gogar tsohon tabon, wata uku bai cika ba gyambon ya sake buɗewa. Ba mai wanke mini. Na roƙi gishiri, kullum da safe a bakin rijiya in wanke da kaina. Ina wankin sai na ji bakina yana faɗin addu'ar nan da aka karanta a zaure. Na yi ƙoƙarin tuno sauran. Da ƙyar na haɗa bakwai, wasunsu ma rabi-rabi. Sauran suna rataye a damatsan mutane, wa ya san ko ina.

Da na fito Ladi tana nan, fura take sayarwa ta riƙe gidan. Na je wurin Baba, na tarar yanar ido ta rufe masa gani, ko fuskata ba ya gani. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ya sake rubuta mini wani.

"Na yafe tun a zaure. Amma idon da ya rubuta ya tafi. Nawa ka riƙe?"

"Bakwai, Baba."

"To, kwanakin mako ma bakwai ne. Ka je wurin Tanko?"

Kwana huɗu ina kewaya unguwarsu kafin na iya ƙarasawa. Na same shi a ƙofar gida yana sayar da gyaɗa, yana awo da hannun hagu.

"A'a! Malam ya fito?"

"Baduku ne, Tanko."

"To, baduku." Sai ya cire hularsa, ya zaro wata takarda daga ciki. Ashe alƙali shi ya miƙa wa, tunda shi ya saya. Ya ce, "Sau uku na sa an karanta mini. Ni ba addininku nake yi ba, amma ban ga laifin takardar ba. Da ka karanta ta da safen da na zo, da hannuna yana nan. Ungo. Kai aka rubuta wa."

Bai ce ya yafe ba, har yau bai ce ba, ni ma ban tambaya ba. Na ɗinka masa kube mai laushi don dungun, saboda sanyi yana sa shi zogi. Kullum in na gama addu'ar safe sai in biya in ja masa ruwa a rijiya, don guga ba ya jawuwa da hannu ɗaya. Wani lokaci ya ce sannu, wani lokaci ya yi shiru. Baba ya rasu bara.

Samari, ga abin da na sani, ba shi da yawa. Ba ranar da na yage falle na talatin na lalace ba, tun safiyar da na ce sai na sami sarari ne. Kada ku fita gida ba ku yi addu'a ba, ko da baƙi uku ne. Ku sami mutum ɗaya da za ku riƙa faɗin laifinku yana ji, kullum, tun laifin yana ƙarami. Ku je sujada a gan ku, don wanda ake gani ana iya tambayarsa. In aka kira ku da sunan da ba naku ba, ku buɗe baki ku ce a'a. Maganar Allah kuma ba rataya ta ake yi ba. Ni na rufe ta da fata mafi kyau da na taɓa jemewa, mutum ya rasa hannu.

Fallen nan yana wurina. Ya yi baƙi da zufar Tanko, kuma akwai huji uku a jikinsa inda basillata ta bi. Ɗaya ya faɗa daidai kan inda Baba ya rubuta "hannuna". Na karanta shi yau da safe kafin in sa kome a baki. In Allah ya kai ni, sai gobe.