Layukan Gawayi a Bangon Masallaci

Da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna tsaye mu huɗu a ƙofar masallacinmu na Jekadafari: ni, da liman, da ma'aikatan gwamnati biyu masu auna sabuwar magudanar ruwa. Babbansu ya ce mini, "Alhaji, ina iyakar ambaliya a nan?" Muka juya muka dubi farin bango.

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya san amsar. Duk damina idan ruwa ya janye, yakan fara naɗe wando, sannan ya shiga taɓo, sannan ya ja layi da gawayi a bango. Na taɓa ce masa, "Baffa, kana ɓata bango." Ya ce, "Bar shi, kai dai. Wata rana za a tambaye ku."

Bayan rasuwarsa, ni da hannuna na shafe bangon da farar ƙasa saboda Sallah. Har yau idan na wuce, sai in ji kamar ana karta gawayi.

Idan magudanar ta yi ƙaranci, gidajen gangare za su sake cika. Allah ya haskaka kabarin Baffa. Wanda ya tuna inda layin ƙarshe ya tsaya, don Allah ya zo ranar Asabar da hantsi ya nuna mana.